Dabino a Haɓar Zane

"Ke tsohuwa, daina kallona!"



Sharifa ce ta faɗa, da bakinta. Wadda ta faɗa wa kuwa Inna Jummai ce, mahaifiyar Garzali, saurayin da ake shirin sa musu rana.

Ita kanta Sharifa ta ji maganar kamar daga tsallaken kogi ta fito. Gumi ya jiƙe mata wuya, mayafi ya manne mata a baya. Hannunta sai rawa yake. Ta kai shi za ta dafa ƙasa, ya bugi kwanon shinkafar da ke gabanta, ya kife, miya ta fantsama har kan zanen Inna.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo Yelwa, yayar mahaifin Garzali. "Iska ce! Wallahi iska ce, ku danne ta!"

Sharifa ta so ta ce a'a.

Ta so ta ce jakata... ku miƙo min jakata...

Harshen ya ƙi ɗaguwa.

Yadda aka yi aka kai nan ba wani dogon labari ba ne. Ranar sunan ɗan Barakatu ce, ƙanwar Garzali, da ta zo wankan gida Kausani. Sharifa ta taso daga Sabon Gari ta zo suna. Tana da ciwon sukari tun tana ƙaramar sakandare, irin wanda sai an yi allura kafin a ci abinci. A duk dangin Garzali mutum biyu ne suka sani. Shi, sai Khairiyya, 'yar ƙanen Inna da ta tashi a gidan. Aji ɗaya suka yi da Sharifa, ta taɓa ganin ta faɗi a filin makaranta. Kuma Khairiyya ta daɗe tana kallon Garzali da idon da ba na ƙanwa ba.

Ita ta tarbe ta tun daga zaure.

"Amaryarmu! Kin zo a daidai, yanzu ake zuba abinci. Yi abin naki kafin a kawo."

Sharifa ta shige bayan labule ta yi allurarta.

"Kawo jakar in ɓoye miki. Gidan suna ba a rasa mai ɗauke-ɗauke."

Ta miƙa. A cikin jakar nan sukarinta yake, da dabinonta.

Daga nan Khairiyya ta ja hannunta, ta wuce ɗakin 'yan mata, ta kai ta ɗakin Inna. Ta dire kwano a gabanta, a tsakiyar gwaggwanni.

"Bismillah."

Wace 'yar gidan mutunci ce za ta buɗe baki ta ci abinci a gaban uwar saurayinta? Sharifa ta sunkuyar da kai.

"Alhamdulillahi, a ƙoshe nake."

Inna ta yi ɗan murmushi, kunyar ta burge ta. Aka ci gaba da hira, aka yi ta shigowa ana fita. Allura kuwa ba ta san suruka ba. Ta shiga jini tana kwashe ɗan sukarin da ke ciki, tana jiran abincin da bai zo ba.

Yanzu ga ta a hannun mata. Wata ta danne kafaɗa, wata ta riƙe ƙafa. Gwaggo Yelwa ta kawo kasko da garwashi, ta watsa tazargade, hayaƙi ya turnuƙe. Fuskokin mutane suka fara narkewa a idon Sharifa. Haske yana janyewa daga gefe-gefe.

"Ku matsa!"

Muryar namiji. A ɗakin mata, ranar suna.

Garzali ne. Ya ratsa su ko takalmi bai cire ba, ya ture kaskon gefe, ya durƙusa.

"Sharifa! Sharifata, kina ji na? Za ki iya haɗiya?"

Ta ɗan gyaɗa kai.

Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro ƙullin leda. Sukari ne mai ƙwaya. Ya jefa a kofin ruwa, ya dama da yatsa, ya tallafo kanta.

"A hankali... sha, rabin raina. Ƙara."

Zaƙin ya sauka a maƙogwaronta.

Da farko ba abin da ya canja. Sai can, kamar ana ɗaga labule daga ƙasa, duniya ta fara dawowa. Kukan jariri ne ya fara isowa. Sai jan fentin kwallayen Inna da ke jere a kabad. Sai tafin hannun Garzali a ƙeyarta, da ɗumi, da ƙanshin man inji. Rawar jikin ta lafa. Ta buɗe ido sosai, ta ga mata sun ja baya suna kallonta kamar wadda ta tashi daga makara.

"Me... me ya faru?"

Khairiyya ce ta tafa hannu.

"Kun gani ko? Aljanin ya sha abin da yake so, ya sauka! Irin masu shan zaƙin nan ne. Tun muna makaranta yake hawanta."

"Ƙwarai," in ji Gwaggo Yelwa. "Akwai su. Daga an ba su sai su saki."

"Inna, ciwon sukari ne," in ji Garzali. "Sukarinta ne ya faɗi."

Inna ba ta dube shi ba. Ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Bango ta duba.

"Ku gaya wa yaron nan ni ba yarinya ba ce. A gidan nan za a koya min ciwon sukari? Mai sukari a ɗura masa sukari ya miƙe?" Ta kakkaɓe miyar da ke zanenta. "Ya fita. Ita kuma a raka ta gida."

*

Maganar sa rana ta tsaya.

Ba a ce an fasa ba. An dai ce a dakata, kuma kowa ya san ma'anar dakatawar. A Sabon Gari, Umman Sharifa ta fi kowa zafi.

"'Yata ce mai aljanu? To su riƙe ɗansu! Ke kuma in na ƙara jin sunan Kausani a bakinki sai ranki ya ɓaci."

Ba maganar aljanun ce take hana Sharifa sakat ba. Abin da aka ce ta faɗa wa Inna ne. Duk ta tuna sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Garzali ya zo bayan la'asar, ya kafe babur a ƙofar gida. Gyaran injin ban-ruwa yake yi a bakin kogin Wudil, farcensa kullum da baƙin mai. Sai da ya yi aike sau biyu kafin ta fito zaure.

"Ina wuni."

"Ban wuni ba. Kin kashe waya."

"Ka tafi, Garzali."

"Ina?"

"Inda Inna take so. Ga Khairiyya nan, lafiyarta ƙalau."

"Ita ta karɓi jakarki ko?"

Ta kawar da kai.

"Wallahi sai na..."

"Ba ita ta soka min allura ba. Ni na yi, ban ga abinci a hannuna ba. Ni na rabu da jakata. Ni na ce maka kar ka gaya wa kowa a gidanku, don kar a ce za ka kwaso jinya." Muryarta ta karye. "Likita ya sha gaya min, duk inda za ki zauna a samu wanda ya sani. Na zaɓi kunya. Da ba ka shigo ba, da kunyar ce za ta kai ni kabari."

Ya daɗe yana kallonta.

Tun ranar da ta fara nuna masa allurar yake mata irin wannan kallon. A gindin gada ne, kusa da masu suyar kifi. Ta buɗe jaka ta ce, ga abin da nake rayuwa da shi, in za ka gudu ka gudu yanzu. Bai gudu ba. Ya riƙe ɗan bututun allurar a tafin hannunsa kamar wanda aka ba wa ƙwai, ya ce, wato kullum ke kike auna ranki da hannunki? Washegari ya sayi kwalin sukari. Tun daga ranar aljihunsa bai rabu da shi ba, har abokansa suka sa masa Mai Shayi.

Yanzu ma ga tururuwa biyu suna hawa wuyan rigarsa.

Duk da hawayen, sai da dariya ta kuɓuce mata.

"Baƙinka sun fito."

Ya kaɗe su. "Su kaɗai suka san darajata a garin nan." Ya sassauta murya. "Sharifata, ba ƙinki Inna take ba. Tsoro take ji. Baba ma yana da ciwon, shi ƙwaya yake sha. Tun ranar da aka gaya mata ta kori sukari daga gidan. Zuma, dabino, rake, ko alawar yara ba ta shiga. A wurinta sukari guba ne. Sai ga shi ta ga na ba ki kin tashi."

"Baba yana da shi? Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ba ya so a sani. Kwanan nan ma ba ya fita sosai. Inna ta ce hutawa yake."

Sharifa ta goge ido.

"Zan je in ba ta haƙuri."

"Zan kai ki."

"A'a. Ni na yi zagin, ni zan je."

*

Ranar Alhamis ta shirya. Umma ta tare ƙofa, suka yi ta yi, har mahaifinta ya ɗago daga kan jarida ya ce, "Bar ta. Ban haƙuri ba ya rage mutum."

Ta ci abinci kafin ta fita. Ta gwada jininta. Ta rataya jaka a kafaɗa ta maƙale ta da hammata.

Damina ce, gero ya kai ƙugu a gefen hanyar Kausani. Rana ta take sosai lokacin da mai adaidaita ya sauke ta. Ta yi sallama a zaure ba a amsa ba. Ta ƙara. Sai ga Khairiyya ta fito da sauri, fuska a firgice.

"Me ya kawo ki? Inna ba ta nan. Koma!"

Daga cikin gida wata murya ta daka tsawa.

"Ku sake ni, 'yan banza! Duk ɓarayi ne ku! Wa ya rufe min ƙofa?"

Sharifa ta san muryar. Duk unguwar sun san ta, ita ce take tashin su da asuba. Malam Sabo ne, mahaifin Garzali, ladanin masallacin unguwa. Mutumin da ko akuya ba a taɓa jin ya yi wa tsawa ba.

Ta ratse Khairiyya ta shiga.

Yana zaune dirshan a ƙofar turakarsa, fartanya a yashe a gefe, ƙafafu duk taɓon gona. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Leɓensa na rawa, idanunsa na yawo ba sa tsayawa a kan komai. Inna ta riƙe hannunsa ɗaya tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

Tana ganin Sharifa ta miƙe ta tsaya tsakaninsu, kamar za ta rufe shi da jikinta.

"Fita. Don Allah fita, kar ki gan shi haka."

"Ita ce!" in ji Khairiyya daga baya. "Ita ta kawo shi gidan nan! Aljaninta ne ya koma kan Baba!"

Sharifa ba ta ko waiwaya ba. Gumin take kallo. Ta san gumin nan, mai sanyi, mai fitowa ko ana ruwa.

"Inna, ya sha maganinsa yau?"

"...Da asuba."

"Me ya ci?"

"Azumin Alhamis yake. Koko ya kurɓa da sahur, ya tafi gona."

Ta durƙusa ta buɗe jaka. Ta kamo ɗan yatsansa, ya fizge, ta sake kamowa.

"Baba, yi haƙuri."

"Wace ce wannan? Ku fitar min da ita!"

Ta tsira yatsan, ta ɗiga jinin a bakin 'yar na'urar. Lamba ta fito. Ko ita ba ta cika sauka ƙasa haka ba.

"Sukarinsa ne ya faɗi. Akwai sukari a gidan nan? Zuma? Lemon kwalba?"

"Babu," in ji Inna. "Ni na hana."

Sharifa ta zazzage nata a kofin silba, ta zuba ruwan randa, ta dama. Tana ɗagowa Inna ta cafke wuyan hannunta. Riƙon manomiya, mai ƙarfi.

"Kashe min shi za ki yi? Likita da bakinsa ya ce sukari ne ciwonsa!"

"Inna, yawansa yana cin mutum a hankali. Ƙarewarsa yanzu take kisa. Ƙwayar da ya sha aikinta rage sukari, kuma ba ta san yana azumi ba. Ta rage, gona ta ƙarasa sauran."

"Azumin fa?"

"Nafila ce, Inna. Ko na farilla ne, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame." Hawaye ya zubo mata. "Yanzu yana iya haɗiya. In ya suma ba a ɗura masa komai, sai dai a kwantar da shi ta gefe a nemi mota. Kafin a kai Wudil kuma... Inna, don Allah."

"Kar ki yarda, Inna!" in ji Khairiyya. "Ciyar da aljanin za ta yi, ya zauna a gidan nan har abada!"

Inna ta dubi Khairiyya. Ta dubi mijinta. Sannan ta yi magana a hankali, kamar ana zaro ta daga ƙirjinta.

"Tun kafin yarinyar nan ta taka gidan nan yake yin haka. Tun bazara. Ni nake rufe ƙofa. Na zaci taɓuwa ce ta same shi."

Ta saki hannun.

Sharifa ta kai kofin bakinsa. Ya kawar da kai, ya kai duka, ruwan ya ɗan zube.

"Ba na sha! Guba ce!"

"Baba..."

"Ba na sha!"

Kansa ya fara langaɓewa. Idanun suna lumshewa.

Inna ta karɓe kofin. Ta durƙusa a gabansa, ta kama haɓarsa. Tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya, Malam take ce masa. Ko a bayan idonsa ba ta taɓa furta sunansa ba, har 'ya'yan maƙwabta masu sunan sai da ta canja musu.

"Sabo!"

Ya buɗe ido.

"Sabo, ni ce Jummai. Sha."

Ya tsaya yana kallonta kamar yaro. Bakinsa ya buɗe. Ya sha. Ya ƙara. Ya shanye.

Suka zauna suna jira.

Ba mai motsi. Kaza ta zo ta tsattsagi inda ruwan ya zube ta wuce. Sharifa ta sha jin wannan dawowar a jikinta, amma ba ta taɓa ganin ta a fuskar wani ba. Ta ga rawar leɓen ta tsaya. Ta ga idanun sun daina yawo, sun sauka a kan bishiyar darbejiyar tsakar gida, sun gane ta. Ta ga fushin yana zamewa daga goshinsa kamar ana wanke allo. Mutumin da ya tafi yana dawowa cikin jikinsa, gaɓa bayan gaɓa, saboda abin da bai cika tafin hannu ba.

Tsigar jikinta ta tashi.

Malam Sabo ya shafa gemu. Ya dubi rigarsa.

"Ikon Allah. Wa ya jiƙa ni?" Ya ɗaga kai ya dubi rana. "An kira azahar?" Sai ya ga Sharifa. "A'a, 'yata! Yaushe kika zo? An ba ki ruwa kuwa?"

Inna ta zame ta zauna a ƙasa.

"Subhanallahi... Subhanallahi..."

Abin da take ta faɗa ke nan, hannu a baki.

Sharifa ta sake gwadawa, lambar ta hau. Ta ba shi dabino, ta ce a kawo masa abinci mai riƙe ciki, don zaƙin ba ya daɗewa kuma ƙwayar tana nan tana aiki. Ta ce yau ɗin nan a kai shi asibiti a duba ko maganin ya yi masa yawa, kuma kar ya ƙara ɗaukar azumi sai ya yi shawara da likita. Malam yana ji yana gyaɗa kai, yana juya ƙwallon dabinon a hannu kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

Da ya shiga ɗaki canja riga, Sharifa ta gyara durƙuso a gaban Inna.

"Inna, haƙuri na zo bayarwa. Abin da na faɗa ranar suna..."

"Kin ji abin da ya kira ni ɗazu?"

"Na ji."

"Zai tuna?"

"Ba lallai ba."

"To ke ma ban ji ba." Ta ɗaura ɗankwalinta. "Ranar nan, ina wannan jakar take?"

Sharifa ta dubi ƙasa.

Ba sai ta amsa ba. Khairiyya ta riga ta fashe da kuka.

"Wallahi ban zaci zai kai haka ba! Na ɗauka jiri kawai za ta yi, ku gani..."

"Ki haɗa kayanki," in ji Inna, ba tare da ɗaga murya ba. "Gobe ki tafi Darki wajen ubanki, ki gaya masa da bakinki. In kin gama ki dawo, nan gidanku ne. Amma sai kin faɗa."

Ta tashi ta shiga madafa. Ta fito da kwano biyu na dambu. Ɗaya ta kai wa Malam. Ɗaya ta ajiye a gaban Sharifa.

"Kin ba da naki guzurin. Ci."

Sharifa ta sunkuyar da kai. Hannun ya ƙi tafiya.

Inna ta yi ajiyar zuciya. Ta ja kujerarta 'yar tsugunno, ta juya ta, ta zauna tana fuskantar katanga.

"Ba na ganinki. Ci."

A haka Garzali ya same su, don Barakatu ta kira shi daga gidan maƙwabta. Ya tsaya a bakin zaure yana haki, hannunsa a aljihu. Uwarsa na kallon katanga, masoyiyarsa na cin dambu tana hawaye.

Inna ta yi wa katangar magana.

"A gaya wa yaron nan ya kai mahaifinsa asibiti. In ya dawo ya biya wajen kawunnansa. Ranar da aka ce a dakata, a je a sa ta."

*

Bayan an cire amfanin gona aka yi bikin.

Wannan karon Sharifa ba ta ɓoye wa kowa ba. Ƙawayenta sun sani, mai ƙunshi ta sani, har direban motar amarya sai da Umma ta yi masa bayani. Ta ci abincinta a kan lokaci. Amma ranar kai amarya doguwa ce. Kuka, sallama da iyaye, tsayawa a hanya, ga motar da jakarta take ciki ta tsaya shan mai a Wudil.

Gab da magariba aka shigar da ita ɗakin Inna, a lulluɓe, don a damƙa amana. Ɗakin nan dai. Kwallayen nan dai. Aka zaunar da ita a tabarma, Gwaggo Yelwa ta buɗe nasiha.

"Aure haƙuri ne, 'yar nan. Ki riƙe miji, ki riƙe dangin miji..."

Ta yi nisa, ba alamar tsayawa.

A ƙarƙashin lulluɓi Sharifa ta ji shi ya fara. Ɗan sanyi a goshi. 'Yar rawa a yatsu. A'a, ba za ta sake yin shiru ba. Ta buɗe baki za ta yi magana, amarya guda, a gaban surukai...

"Dakata, Yaya Yelwa."

Inna ce. Tun da aka shigo idonta na kan yatsun amarya.

Ta jawo haɓar zanenta. Ƙulli biyu ne a jiki. Ta kwance ɗaya da haƙori. Dabino ne, da ƙwayoyin sukari a 'yar leda.

Ta sauko daga bakin gado ta zauna a tabarmar. Ta ɗaga gefen lulluɓin, ta sa sukarin a bakin Sharifa da hannunta.

Ɗaki ya ɗauki salati.

"Jummai!" in ji Gwaggo Yelwa. "Matar ɗan fari? A baki? Ina kunyar?"

"Na ajiye ta," in ji Inna. "Ta kusa cinye min mutum biyu." Ta ɓare dabino ta cire ƙwallon. "Barakatu, zubo mata tuwo. A nan za ta ci, in ta gama a ƙarasa nasihar."

"Ɗaya ƙullin fa na wa?"

"Na Malam."

Daga masallacin unguwa muryar Malam Sabo ta tashi da kiran magariba, tas, ba gargada.

Sharifa tana tauna dabino, hawaye na ɗiga a kan lallen hannunta. Rawar ta lafa tun kafin ta yi nisa. Ta gefen lulluɓi ta hango labulen ƙofa ya motsa. Garzali ne cikin babbar riga, wani ya rada masa amarya ta fara gumi. Ya tsaya turus, ƙullin sukari a hannunsa, yana kallon uwarsa.

Inna ba ta juya ga bango ba. Shi ta duba, ido cikin ido.

"Mayar da naka aljihu. Tafi masallaci, tana hannuna."